Mahaifiyar Yusuf Ɗan Meziko Tana Son Ta Ga Sahu

Yusuf ya rasu. Yusuf Ɗan Meziko, wanda kusan duk wanda ya zauna unguwar Abbasiya ta nan Alƙahira a cikinku ya taɓa kai wa kwamfuta gyara.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina tsaye bakin titi ina jiran mikrobas, ƙaramar motar haya, sai ga kiran Inna Kaltuma, dattijuwar da yake haya a gidanta a unguwar Arba wa Nus. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce, "Nasiru, sai dai haƙuri. Abokin naka ya cika a asibiti."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi dakali na zauna, motoci suna ta wucewa, yaran mota suna ta kiran unguwanni a kaina.

Ban yi niyyar rubuta komai yau ba, don na san bakina idan raina ya ɓaci. Amma abu biyu sun faru tsakanin safe da la'asar, kuma in na yi shiru ƙirjina zai fashe.

Na farko, mahaifiyarsa ta kira ni daga Amurka. Ba ta jin Turanci sosai, ƙanwarsa ce take fassara mana. Tsohuwa ce Kirista, na ɗauka za ta ce a sa gawar ɗanta a jirgi a kai mata. Ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a binne shi a nan yadda addininsa ya tanada, domin ya sha gaya mata yana da 'yan'uwa masu yawa a Alƙahira, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, suna cin abinci kwano ɗaya, suna kiransa ɗan'uwa.

Abu ɗaya kawai ta roƙa. Ta ce ta ji Musulmi suna tsayawa layi-layi a kan mamaci. To in kira ta a bidiyo kafin a fara, in ɗaga waya ta ga layin da idonta.

Na ce mata to. Me kuke so in ce mata?

Na biyu, ko awa ba a yi da ajiye wayar ba sai ga sanarwa a guruf ɗin ɗalibanmu, daga shugaban kwamiti. Ba zan kama suna ba, Ustaz zan kira shi, kowa ya san shi. Wai ana sanar da rasuwar wani ɗalibi ɗan wata ƙasa, ba ɗan ƙungiyarmu ba ne, wanda ya ga dama ya je jana'iza, amma ana shawartar masu ja gaba da ɗaliban ilimi su ƙaurace, "saboda abin da aka sani".

Wani ɗalibi. Mutumin da ya ci tuwo da ku shekara da shekaru, yau sunansa wani ɗalibi.

To tunda an ce abin da aka sani, bari in faɗa muku abin da ni na sani, don ni na zauna ɗaki ɗaya da shi.

A layin sabunta iƙama na fara ganinsa, ƙarshen 2011. Duk wanda ya taɓa bin layin takardar zama a garin nan ya san yadda yake cinye yini. Wani gajere mai faɗin kafaɗa a gabana ya ɓallo burodinsa biyu ya miƙo mini rabi ba tare da ya waiwayo ba. Na ɗauka Bamisre ne, sai da ya buɗe baki na ji Larabcin nasa kamar ana jan tebur a siminti.

Sunansa na yanka Hose. A Meziko aka haife shi, a Amurka ya tashi, cikin mutanensu masu jin Sifaniyanci, waɗanda ake kira Latino. Babansa birkila ne. Ya musulunta yana da shekara ashirin da wani abu, ya zo nan koyon Larabci, da rana kuma yana aiki a wani kamfanin amsa waya a unguwar Mohandessin, inda ake neman masu yarensa.

Lokacin akwai gado ɗaya da babu kowa a shaƙƙarmu ta Abbasiya, wato gidan da muke haya, sai na kawo shi.

Mutum ne mai son girki, kuma shi kaɗai na taɓa gani wanda ba Bahaushe ba ya ɗanɗana yajinmu ya ce bai ji komai ba. Duk ranar Juma'a sai ya dafa wake da tattasai a babbar tukunya, ya buɗe ƙofa. Masu sanarwar yau sun ci waken nan, har da masu neman ƙari.

Tukunyar gas ta tsohon bawwab ɗinmu, mai gadin gidan, shi yake ɗaukar masa a kafaɗa. Lokacin da na kwanta zazzaɓi shi ya riƙa zuwa aji yana ɗauko mini karatu a waya, alhali rabin abin da malamin ke faɗa ba ya ganewa. Kwamfutar Ustaz kuwa da ta mutu da kundin digirinsa a ciki, saura ƙiris a miƙa, Yusuf ne ya ƙi zuwa aiki ya zauna a kanta har ya ciro masa aikinsa. Ina wurin. Ustaz rungume shi ya yi yana cewa "akhi, akhi" har da ƙwalla.

Hausarsa ba ta da yawa, amma yana son ta. "Ɗan'uwa" ya fi riƙewa. Kowa ɗan'uwa ne, har mai sayar da ful, dafaffen waken Masar, na bakin layi.

Yanzu ga laifin nasa.

Tun yana Amurka ya haɗa wata 'yar manhaja a waya don mutanensu. Ya ba ni labarin yadda suke: mutum yana gini ko wanke-wanke a gidan abinci tun safe, takardunsa ba su cika ba, kullum gabansa na faɗuwa kada a kama shi a mayar da shi, iyali a gida suna jiran aike. Kuma a wurinsu namiji ba ya cewa yana jin tsoro. Asibiti ba ya zuwa, don yana gudun tambaya. To ranar da aka tashi daga aiki sai ya sha har ya manta sunansa.

Manhajar ba wani abin mamaki ba ce. Saƙo ne yake shigowa wayar mutum daidai lokacin tashi daga aiki, da yarensa. Yaya ƙirjinka yau? Ka sha jiya? Idan mutum ya amsa, sai ta ba shi abin yi: yadda zai ja numfashi a hankali har bugun zuciya ya lafa, yadda zai jinkirta kofin farko, wanda zai kira, da alamomin da idan ya gani lallai ya je wurin likita. Ba ta tambayar suna. Kullum Yusuf yana cewa, "Wannan ba likita ba ce, Nasir. Mai rakiya ce zuwa ƙofar likita."

Daga ɗakinmu na Abbasiya yake kula da ita. Ni dai kallonsa nake ina tsokanarsa, ina cewa ya zo ƙasar Larabawa neman ilimi ya ɓige da renon mashayan Amurka.

Sai 2013 ta zo, lokacin dokar hana fita. Waɗanda suke nan sun tuna. Ƙarar harbi, shingaye a hanya, ana tare baƙi ana duba takardu, jami'a yau a buɗe gobe a rufe, iyaye suna ta kira daga gida suna kuka, masu ɗaukar nauyin karatu suna cewa duk wanda ya faɗi jarrabawa ya nemi kuɗin jirgi. Akwai ɗaliban da suka daina barci. Akwai wanda na gani yana karkarwa a sujada.

Kuma kada wanda ya zo ya yi mini musu, wasu daga cikinmu sun fara sha. Wasu maganin tari, wasu aragi, giyar dabinon nan da ake dafawa a ɓoye. Masu gemu, masu hadda. Ba don iskanci ba, don su samu ƙirjinsu ya saki su yi barci. Kowa ya sani, kowa ya kawar da kai.

Yusuf ne bai kawar da kai ba. Wata rana muna cin abincin rana ya ce, "Nasir, idon da nake gani a masallaci irin idon babana ne. Ka mayar mini da abin nan Hausa."

Na mayar. Muka faɗa wa mutum biyu uku a asirce, su ma suka faɗa wa wasu. Mutane suka shiga, fiye da yadda muka zata.

Bayan 'yan makonni sai na tarar da shi ya dafe kai a gaban kwamfuta. Ya ce abin ya lalace, kowa amsa iri ɗaya yake bayarwa. Na leƙa. Yaya ƙirjinka yau? Lafiya lau. Ka sha jiya? Alhamdu lillahi. Kana samun barci? Sai godiya.

Wallahi sai da na kwanta a ƙasa don dariya. Na ce, Ɗan Meziko, abinka bai lalace ba, Hausawa ka samu. Mu ko a gadon asibiti aka tambaye mu jiki, da sauƙi za mu ce. Mutum ya shigo da ƙafarsa neman taimako, amma ka tambaye shi kai tsaye, ai sai ya gaishe ka.

Ya ce to yaya kuke yi idan abin kunya ya dame ku?

Na ce ka taɓa zama majalisin tambayoyi bayan karatu? Babu mai cewa ni na yi. Wani abokina ne ya yi, wani bawan Allah ne ya ce in tambaya masa. Malam ya san mai tambayar ne, mai tambayar ya san malam ya sani, a ba da amsa a tashi, mutuncin kowa na nan.

Nan take ya jawo kwamfutar. A yinin nan muka juya tambayoyin duka. Yaya abokinka ya kwana? Abokinka ya sha jiya? Me ya tayar masa da hankali?

Sai ga amsoshi kamar an ɓalle famfo. Abokina bai yi barci ba. Abokina yana jin kamar zai mutu idan ya ji jiniya. Abokina ya sha jiya bayan ya yi rantsuwa ya bari, yanzu yana jin kunyar ɗaukar Alƙur'ani. Ni nake karanta wa Yusuf waɗanda manhajar ta kasa ganewa, mu tsara amsa tare. Ba mu san ko su wane ne ba, haka ya gina ta da gangan. Watanni suka tafi, amsoshin suka fara sauyawa. Abokina ya rage. Abokina ya je wurin likita, an ba shi magani. Abokina ya ci jarrabawa.

Ranar da ya ga wannan ta ƙarshe sai ya tashi ya ɗora wake, alhali ba Juma'a ba ce.

Abin ya tonu ne ta hanyar da irin waɗannan abubuwa suke tonuwa a cikinmu, wato sa ido. Wani ya ajiye waya yana alwala, saƙo ya shigo, na kusa da shi ya karanta. Abin da aka rubuta shi ne, idan abokinka ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, ya rage a hankali kuma ya ga likita. Kafin la'asar magana ta zaga Abbasiya: Ɗan Meziko yana koya wa ɗalibai shan giya kaɗan-kaɗan.

Washegari aka kira zama a musallar gidan ɗalibai bayan azahar. Ɗaki ya cika.

Zan yi wa Ustaz adalci, don ni ba irinsa ba ne. Maganarsa ta farko tana da kai. Ya ce haram haram ce, mai yawa da kaɗan, kuma duk wanda ya ce wa Musulmi ya rage bai ce masa ya bari ba, ya buɗe ƙofa. Na miƙe na ce, Ustaz, kai ka koyar da mu yadda aka hana giya mataki-mataki, har jarrabawa muka ci da shi. Ya ce wancan zamani ya wuce, hukunci ya tabbata. Yusuf ya ce shi bai halatta komai ba, burin shi ne a bari, amma jikin da ya saba idan aka yanke masa farat ɗaya yana iya kamuwa da jijjiga, har a rasa rai, kuma kowane likita zai faɗi haka.

Da a nan aka tsaya, da sai a ce saɓanin fahimta ne, a sha shayi a watse.

Amma Ustaz ya ce, "Kai ina ka san wannan? Kai likita ne?"

Tun a hanya na ja masa kunne. Na ce Yusuf, kome za a ce maka, kada ka kawo labarin kanka. Don na san al'adarsu. A can, waɗanda suka bar giya suna taruwa, mutum ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi sunansa ya faɗi tarihinsa duka, a tafa masa. A wurinsu jarumta ce, kuma da ita suke jawo na baya. Na ce masa mu nan ba haka muke ba, abin da Allah ya rufa maka ba ka buɗewa. Ya ce tamam, wato ya ji ya yarda.

Ina tamam ɗin take. Yana jin tambayar nan ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a gaba kamar mai karanta hadda, ya ce da Larabcinsa mai gargada, "Sunana Yusuf. Na fara sha tun ina yaro. Na musulunta ina sha. Na yi sallah da warin giya a bakina, limamin unguwarmu ya ji, bai kore ni ba, ya matso da ni kusa da shi. Sai da na faɗi sau da yawa kafin na bari. Shekaru ke nan ban taɓa ba. Ta nan na sani."

Ya gama ya tsaya yana kallon mutane yana murmushi. Wallahi jira yake a ce masa barka.

Wani ya ce a'uzu billahi. Wanda ke kusa da shi ya janye gwiwarsa. Ustaz ya ce, "Kun ji da kunnenku. Mai bayyana saɓo a ɗakin Allah."

Abin da na faɗa bayan nan ba zai rubutu ba. Mutum biyu ne suka fitar da ni, kuma ko yau aka maimaita haka zan faɗa.

Shi ke nan fa abin da aka sani. Mutum ya tuɓe rigar mutuncinsa a gabanku don ya nuna muku ana warkewa, ku kuka ɗauki rigar kuka gudu da ita.

Aka fitar da sanarwa cewa duk ɗalibin da aka ga saƙon nan a wayarsa za a kai sunansa wurin masu ɗaukar nauyinsa. Mutane suka fice daga manhajar da gudu, kuma ban ga laifinsu ba, karatunsu ne a kan layi. Waɗanda suke cin wake suka ɗauke ƙafa. Ya yi sallama a amsa a ciki-ciki. Sauran 'yan shaƙƙarmu suka ce ana yi musu kallon banza saboda shi, ko ya tashi ko su tashi. Na ce su tashi mana, ga hanya nan. Shi ya hana ni, ya ce, "Khalas, ya isa, Nasir, ba na son ka rasa mutanenka." Ya kwashe kayansa ya koma Arba wa Nus, wurin Inna Kaltuma, Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi, wadda ba ta tambaye shi komai ba sai ko yana cin yaji.

Wani abin da ya fi ci mini rai, ko bayan nan ba su daina aika masa kwamfuta ba. Sai dai ba sa zuwa da kansu, ni suke ba. Na mayar wa mutum uku tasu a hannu, na ce ga hanyar Arba wa Nus can. Da ya ji, faɗa ya yi mini, ya ce in karɓo.

Bai kashe manhajar ba. Ya ce ko mutum ɗaya ya rage, ƙofa za ta zauna a buɗe. Kuma akwai waɗanda suka tsaya, don har watan jiya amsoshi suna shigowa.

Ganina da shi na ƙarshe makon da ya wuce ne, da hantsi, a kan bencin Inna Kaltuma. Ya rame, idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ciwon hanta ne, tsohon tabon shekarun baya, likitoci sun daɗe da gaya masa. Ya kira ni ne in yi masa rikodin muryata ina faɗin yadda ake jan numfashi da Hausa, wai ya lura wasu, musamman 'yan kasuwar Nijar, karatun boko yana ba su wahala. Muka yi ta maimaitawa, yana cewa ina sauri, muryata kamar mai rabon faɗa.

Na ce masa, mutanen da suka yi maka wannan wulaƙanci kake wa wahala da wannan jikin?

Ya ce, "Mutanenka suna da kirki, Nasir. Tsoro ne ya yi musu yawa."

Na ce ƙarya ne, munafunci ne ya yi musu yawa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Inna Kaltuma ta zo da ruwa tana yi mini faɗa.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Mama tana tsammanin har yanzu gidan yana cika ranar Juma'a. Ban gaya mata ba. Idan kun yi magana wata rana, kada ka gyara mata."

Na ce masa ya daina irin wannan zance, na kama hanya. Ashe ke nan.

Yau kuma har an fara. Na ji wani yana cewa, "Hanta ce fa, kun gani ko?" Eh, hanta ce. Hantar da ya ɓata kafin ya san ku, ya kuma yi shekaru yana lallaɓa ta da ruwa da magani, yana azumi likita na hana shi. Ni na zauna da shi, Inna Kaltuma ta zauna da shi. Wanda ya taɓa ganinsa da kwalba ya fito ya faɗa a ƙarƙashin rubutun nan da sunansa. In babu, to ku ji tsoron Allah ku rufe baki.

Ustaz, da kai nake yanzu. Babin da ka jingina da shi ni ma na karanta, a aji ɗaya. Magana ce a kan wanda ya dage da saɓo a fili har ya mutu bai tuba ba, manya su janye don na baya su tsorata. To wa kake son tsoratarwa a nan? Me kake son na baya su koya? Cewa wanda ya tuba ya faɗi gaskiya za a bar gawarsa ba sahu, wanda ya ɓoye ya ci gaba kuwa a cika masallaci? Ai sun riga sun koya, tun ranar zaman nan.

Digirin da ake kiranka da shi yau, ta hannun wa ya fito daga mushen kwamfuta?

Ba na neman ka so shi. Ka goge sanarwar nan kawai, don akwai ɗalibai da yawa da suke son zuwa, suna tsoron a gan su a ce su ne masu saƙon.

Ku kuma masu wannan tsoron, ku saurare ni. Ni ban san ku ba, shi ma bai san ku ba har ya koma ga Allah. Jana'iza ba ta nuna komai a kan kowa. Wanda ya ci wakensa zai iya zuwa, wanda aka gyara wa kwamfuta zai iya zuwa, wanda ya taɓa amsa sallamarsa ma ya isa dalili.

Takardun ofishin jakadanci ne suka hana a yi yau. Gobe ne in Allah ya kai mu, bayan sallar azahar, a ƙaramin masallacin da ke bayan wurin shayin Inna Kaltuma. Duk wanda ya sauka Arba wa Nus ya tambayi Bahaushiya mai shayi za a nuna masa. Wanka ni zan yi masa da limamin wurin da wani ɗan Maraɗi mai sayar da turare, wanda ya rufe shagonsa tun da ya ji. Likkafani Inna Kaltuma ta riga ta yanko, ta ƙi yarda kowa ya sa hannu.

Zuwa yanzu waɗanda suka ce mini za su zo ba su cika sahu ɗaya ba, kuma yawancinsu 'yan Sudan ne masu shan shayi a bencin nan. Daga Abbasiya ban ji ɗuriyar kowa ba.

Yusuf ya ce kada in gyara wa mahaifiyarsa magana, kuma ba zan gyara ba, bakina ba zai furta komai ba. Amma na yi wa tsohuwar nan alkawari zan ɗaga waya. Idan na ɗaga, abin da ke bayana za ta gani. Ba zan karkatar da ita gefe ba, ba zan ce sabis ya ɗauke ba. Matar da ta haƙura da ganin kabarin ɗanta har abada saboda ta yarda yana da ku, gobe za ta ƙirga ku da idonta.

Ya Allah, ga baƙonka nan ya zo, ya bar ƙasarsa da yarensa da uwarsa saboda Kai. Ka yafe masa, Ka wanke shi, Ka yalwata masa makwanci. Yadda ya rufa wa bayinka asiri bai nemi sanin sunansu ba, Ka rufa masa nasa. Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Waɗanda ƙirjinsu ke ƙunci a garin nan ba su da wanda za su gaya wa, Ka kawo musu sauƙi. Ni kuma Ka sassauta mini wannan fushin, don ya yi mini nauyi.

Wanda yake nesa ya sa shi a addu'a, ya ambaci sunansa, Yusuf. Wanda yake Alƙahira kuwa kada ya rubuta mini amin a nan. Ya zo da ƙafarsa ya faɗa a sahu.